Yadda Na Koyi Ƙona Tuwo

Tun ina yarinya a Anacha Allah ya jarabce ni da son tsohon kaya. Sa'annina in an aike su babbar kasuwa idonsu na kan atamfa da takalma, ni kuwa sai a tsince ni tsugune gaban tabarmar wani tsoho mai sayar da murafan da suka rabu da kwanukansu, da makullan da ba wanda ya san ƙofarsu. Da aure ya kawo ni Fatakwal ciwon bai warke ba, gaba ma ya yi, don a bayan unguwarmu akwai filin 'yan gwangwan, inda duk wani tsohon ƙarfen garin yake yada zango kafin a loda shi a mota a kai narkarwa. Mata su je Kasuwar Oyil Mil ranar Laraba su dawo da kayan miya, ni in dawo da kayan miya da wani abu ɓoye a ƙarƙashin mayafi.

Gidanmu ciki da falo ne, sai wani ɗan lungu da mai gidan hayar yake kira kicin, kuma ko murmushi ba ya yi in zai faɗa. In na tsaya a tsakiyar kicin ɗin na buɗe hannu, bango biyu nake taɓawa. Amma ƙanƙantar wuri ba ta taɓa hana mace jere ba. Kayan yayi masu ƙyalli da aka yi mini jeren aure da su, ban daɗe ba na tura rabinsu ƙarƙashin gado, na shiga cika falon da abin da raina yake so. Akwai langa mai jan fure wadda bakinta ya ɗan ɓantare, da fanteka, da butar shayi ta tagulla. Adakar ƙarfe na shimfiɗa mata saƙi ta zama tebur. Faya-fayai na jera su a bango har kusa da silin. Wani agogo mai lilo da ya tsaya cak tun kafin a haife ni na rataye shi saboda kyan katakonsa, maigidana ya ce a bar shi, shi kaɗai ne ba ya sauri a garin nan. A bakin ƙofa kuwa ga abin alfaharina: tukunyar baƙin ƙarfe mai ƙafa uku, na sa mai walda ya huda gindinta, na shafe ta da fenti ruwan ɗorawa, na shuka na'a-na'a a ciki. Duk baƙuwar da ta zo sai ta ɗauke ta hoto.

Shekarar da Innarmu ta rasu, Baba ya daina cin abinci. Ba yaji ya yi da abincin ba, zai zauna, zai wanke hannu, zai yi bisimilla, loma biyu sai ya ture kwanon. Mutumin da ya zo Anacha yana saurayi a saman motar albasa, ya tsufa yana ɗaga buhu da hannu ɗaya don ya nuna wa 'yan dako ba su fi shi ba, sai ga shi hula tana yi masa yawa. Likita ya duba ya ce ba ciwon komai, a dai lallaɓa shi ya ci.

Yayana, wanda yake sayar da raguna a Inugu, mutum ne da ba ya son zance ya kwana. Ya ce magani ɗaya ne, a mai da Baba Arewa wurin ƙanwarsa, ya sha iskar gida da furar gida. Ni kuwa na san in Baba ya haye Arewa, ganinsa sai shekara-shekara, in ma an yi sa'a. Uwa ta tafi, uba kuma a ɗauke mini shi da rai? Na ce atafau a ba ni shi. Muka ja, muka ja, har Yaya ya gaji.

"To, na ji," in ji shi. "Ki tafi da shi. Bayan Babbar Salla in na sallami ragunana zan zo. In na tarar ya murmure, ya zauna wurinki. In na tarar da shi haka, mota ɗaya za mu hau da shi, kuma ba na son kuka."

Na ce na yarda, ina ji a raina wannan ai faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Girki dai ba a yi mini gorinsa.

Ranar da Baba ya iso, ya tsaya a tsakiyar falo yana juya kai a hankali. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba.

"Uwata, nan gidan naki ne, ko rumfar gwanjo aka ba ki jira?"

"Ado ne, Baba. Da tsohuwar zuma ake magani."

Ya ɗauki langar nan mai jan fure ya juya ta. "Irin wannan sak uwarki ta ba masu musaya, suka ba ta bokitin roba. Ranar har rawa ta taka." Ya ajiye ta a hankali fiye da yadda ya ɗauka.

Na ja adaka gefe, na shimfiɗa masa katifa a ƙarƙashin faya-fayan. Wanda ya sha wuya maigidana ne. Surukuta a ciki da falo ba ƙaramin aiki ba ce: ba hanyar fita sai ta kan Baba, ba hanyar shiga sai ta kan Baba. Bawan Allah sai ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya raɓa bango ya wuce kamar mai tsallake sahu a masallaci. Abincinsa kuwa a tsaye yake ci a kicin, don ya ce ba zai iya tauna a gaban surukinsa ba.

Na zage damtse. Na yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Na yi miyar kuka da daddawar da aka aiko mini daga Arewa. Na yi fate, na yi dambu, na soya waina har hannuna ya yi tabo. Na yi farfesun ɗanyen kifi irin na Fatakwal wanda ko mara lafiya yake tashi zaune dominsa. Har miyar shuwaka na yi irin ta mutanen Anacha, wadda Baba yake ci da sakwara a da har ya yi gumi. Kullum magana ɗaya ce: loma biyu, "Alhamdu lillahi, Allah ya yi miki albarka," a ture kwano. Yaya kuma duk Juma'a sai ya kira ta bidiyo ya ce, "Juya wayar in gan shi." In ya gama kallon ƙashin wuyan Baba ba ya cewa komai, sai dai ya yi gyaran murya, kuma gyaran muryar Yaya ta fi zagi ciwo.

Akwai abu ɗaya da nake tinƙaho da shi a girki: ban taɓa ƙona abinci ba. Da gas nake dafuwa, tukwanena kuwa irin masu santsin cikin nan ne da ko ƙwai ba ya kama su. In na kwashe tuwo, ruwa kawai nake zubawa in ɗauraye, tukunya ta fito fes. Wata rana da hantsi ina cikin wannan ɗaurayar sai na ji mutum a bayana. Baba ne, ya dafa ƙofar kicin yana leƙen tukunyar.

"Shi ke nan?" ya ce. "Ba abin da ya rage a ciki?"

"Ba komai, Baba. Ai ba ta kamu."

"Ikon Allah. Tuwo ba ƙanzo." Ya ci gaba da kallon tukunyar. "Rabona da kwaɗon ƙanzo tun…"

Bai ƙarasa ba, ya juya ya koma katifarsa. Ni kuwa na tsaya da soso a hannu. Tunda ya zo gidan nan, wannan ne karon farko da ya ambaci sunan wani abinci da bakinsa. Kuma me ya ambata? Ɓawon da yake manne a gindin tukunya, wanda muna yara Inna take kankarewa ta shanya, mu kuwa muna raina shi muna cewa abincin tsofaffi ne. Duk gwanintata, abin da ake nema a wurina shi ne in ƙona tuwo.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na ciro wata tsohuwar tukunya mara kauri daga ƙarƙashin gado, na yi talge, na tuƙa tuwon masara, na kwashe, na bar sauran a kan wuta na koma falo na harɗe ƙafa. Kafin in ankara hayaƙi ya cika gidan. Abin da na samu a gindin tukunyar ba ƙanzo ba ne, gawayi ne, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Baba ya gutsura ya kai hanci, ko baki bai kai ba.

"Uwata, ƙanzo ba ƙuna ba ne, kamu ne. Tukunya mai kauri yake so da wuta mai haƙuri." Ya nuna bakin ƙofa da haɓa. "Ga uwar ƙanzo can, kin sa mata riga, kin huda mata gindi, kin shuka mata ciyawa a ka."

Na dubi tukunyata ruwan ɗorawa, na'a-na'a tana kaɗawa a cikinta abinta. Ban taɓa jin haushin abu mai kyau irin na ranar ba. Na kwashe ƙasar na kai wa mai waldan da ya huda ta, na ce ya toshe. Ya ce hudawa ce aikinsa, irin wannan ƙarfen in an liƙe shi wuta ɗaya zai buɗe, ga fenti kuma ya riga ya shige shi, sai dai in so nake in ciyar da tsohon fenti. Na dawo da ita na mai da ƙasarta da na'a-na'arta, muka yi kwanaki ba na kallon inda take.

Sai filin 'yan gwangwan. Shugaban wurin wani dattijo ne mai jan gemu, wanda ya daɗe da sa mini suna Hajiyar Tarkace. Na gaya masa abin da nake nema, ya girgiza kai yana dariya.

"Hajiya, irin waɗannan ba sa kwana a nan. Nauyi gare su, su ake fara jefawa a mota. Wannan karon me za a shuka?"

"Ba shuka ba ce, Malam. Tuwo zan ƙona."

Ya dube ni ya ga ba wasa nake ba. Da na ba shi labarin Baba, sai ya daina dariya, ya ce in ba shi lokaci. Aka kwana biyu ya aiko a kira ni. Ga ta nan a gefen tulin ƙarafa, ruwan sama ya cika ta, tsatsa ta yi mata ja, ƙafa ɗaya ta karye. A idona kuwa ko amarya albarka. Na ɗora ta a okada, ni a baya ina rungume da ita, mai okadan yana ta mita wai tayarsa za ta fashe.

Wankinta kaɗai ya ci mini yini. Na dirje ta da yashi, na dirje da toka, na bi da lemon tsami, na shafe ta da manja na ɗora a wuta har ta yi baƙi mai sheƙi. Na sayi murhun gawayi na kafa a tsakar gidan haya, na tokare gurguwar ƙafar da dutse. Na tuƙa tuwo, na kwashe, na rage wuta kamar yadda Baba ya ce, na bar tukunyar ta yi aikinta. Ƙamshi ya fara tashi, irin na masara in ta fara gasuwa. Na shiga ɗaki ɗauko mara ke nan na ji ihu.

"Neighbour! Your food dey burn o!"

Maƙwabciyata ce, Maman 'Yan Biyu, 'yar asalin garin, mace mai kirki da saurin kai agaji. Kafin in fito ta sauke tukunyar da zaninta, ta kwara mata ruwa kofi guda, tana tsaye tana haki tana jiran godiya. Ƙanzona na farko ya zama kunu. Na yi mata godiyar, don ba a mai da alheri da faɗa, sannan na yi mata bayani da Turancin kasuwa cewa da gangan nake yi. Ta dube ni, ta dubi tukunyar, ta taɓa goshina ta ji ko zazzaɓi ne. Washegari ma da ƙamshin ya tashi sai da ta fito da gudu, ta tuna, ta tsaya a bakin ƙofarta tana riƙe da kofin ruwa tana cije leɓe.

A ranar ne ƙanzon ya fito. Na sa mara na ɗaga gefe, sai ya taso gaba ɗaya kamar faifai, launin zuma, ƙasansa ƙaras-ƙaras. Na kai wa Baba a hannu biyu. Ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce, "Yauwa. Saura shanya."

Shanya a Fatakwal! Wanda bai zauna garin nan ba ba zai gane ba. A nan ruwan sama ba ya sallama, kuma ba ya ban kwana. Na shimfiɗa ƙanzon a tire na kai rana, kafin in juya baya an tsuge. Ranar da ba a yi ruwa ba, baƙar tokar hayaƙin matatun mai da take saukowa daga sama a garin nan ta yi masa kwalli. Na shigo da shi ɗaki na ajiye ƙarƙashin fanka, kwana biyu ya yi furfurar funfuna. Ga Salla tana matsowa, ga Yaya da gyaran muryarsa. Ran nan na zauna a kan turmi a tsakar gida na rafka tagumi, tire a gabana, kuka kawai nake son yi.

Maman 'Yan Biyu ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce wai mu mutanen Arewa komai sai mu ce rana, rana; su nan da rana suke jira da ba su taɓa cin busasshen kifi ba. Ta shiga ɗakinta ta fito da ragar ƙarfen da take banda kifi, ta wanke ta tas, ta ɗora a kan sauran garwashin murhuna, ta jera ƙanzon a kai, ta yafa toka a kan wutar don kada ta yi ƙarfi. Zuwa la'asar ya bushe ƙayau, in ka karya sai ka ji ƙas. Na rungume ta har da ɗaga ta sama kaɗan, ita kuwa tana ta cewa in sauke ta, ba ta gama yarda cewa lafiyata ƙalau ba.

Matsalar ita ce tukunya ɗaya ƙanzo ɗaya take bayarwa. Don a tara abin kirki sai an yi ta tuƙa tuwo, safe da yamma. Gidanmu ya koma gidan tuwo. Maigidana ya ci har ya fara kallon buhun shinkafa da ƙauna. Ya ce mini a kicin, murya ƙasa-ƙasa don kada Baba ya ji, "Yanzu fa na gane, ƙanzon ne abincin, mu ragowa muke ci." Sauran na rarraba wa gidan haya kaf, har 'yan biyun maƙwabciyata suka iya cin miyar kuka suna neman ƙari.

Ranar da na haɗa kwaɗon, bayan azahar ne. Na ɗan daddaka ƙanzon a turmi, na jiƙa shi har ya yi laushi, na tsane. Na daka ƙuli-ƙuli da barkono, na yanka albasa da tumatir, na zuba man gyaɗa da gishiri, na cuɗa da hannu. Na rasa kwanon da zan zuba, sai na sauko da langar nan mai jan fure daga inda take ado, na wanke ta. Na ajiye a gaban Baba na koma bakin ƙofa na zauna, ina yi kamar tsintar shinkafa nake.

Ya yi loma ɗaya. Ya yi ta biyu. Na ɗago kai.

"Ƙuli ya yi yawa," ya ce. Ya kai ta uku.

Bai ɗago ba sai da ya ga fure a gindin langar. Ya sa yatsa ya share gefe ya lashe, ya jingina da bango, gumi a goshinsa.

"Kin san uwarki ba don ni take yin ƙanzo ba?" ya ce. "Surutu ne. Ta ɗora tuwo, sai wata ta leƙo a yi mata kitso, ko a zo da labarin wata haihuwa. Tana can bakin ƙofa tana zuba, tukunya tana nan tana kamawa. In na yi magana ta ce ai don ni ta bari, ta san ina so. Ni kuwa da can ba na so. A hannunta na koya, don in ban ci ba asara ce."

Ya yi dariya, irin wadda rabona da ji tun Inna na da rai, har da tari. Sannan dariyar ta tsaya, ya sa gefen rigarsa ya rufe ido. Ni ma na bar shinkafar. Muka yi kukanmu, shi a can ni a nan, ba wanda ya rarrashi wani. Kewar Inna ta taso mini sabuwa fil, amma a ƙarƙashinta akwai wani farin ciki da ban san inda zan sa shi ba. Da ya gama ya share fuska ya ce, "Akwai saura?"

Daga ranar ƙofa ta buɗe. Kwaɗon ƙanzo ya jawo tuwo, tuwo ya jawo farfesu, har sakwara da miyar shuwaka ta dawo. Baba ya fara zuwa masallaci da ƙafarsa. Ya samu majalisa a bakin shagon wani mai shayi. Wata Laraba ya bi ni Oyil Mil, ya tsaya gaban masu albasa yana latsa ta da babban yatsa yana gaya musu wadda za ta kai mako da wadda gobe za ta ruɓe, har suka ba shi kujera. Hula ta koma daidai kansa. Ranar Juma'a ni nake riga Yaya cewa, "Bari in juya maka wayar."

Bayan Salla Yaya ya iso, yana warin raguna da turare. Ya durƙusa ya gai da Baba, ya ɗago ya ƙare masa kallo, ya dube ni. Yaya ba ya son faɗuwa, amma ba ya ƙarya.

"To," ya ce. "Kin ci. Ya zauna."

Na ji kamar in yi guɗa. A raina har na fara tsara yadda zan matsar da adaka in sa wa Baba labule, in samo masa wani tsohon gadon ƙarfe da na gani a filin 'yan gwangwan. Sai Baba ya ajiye kofin shayinsa.

"Kun gama?" ya ce. "Tun rasuwar uwarku kuke rabona kamar naman watanda, wannan ya ce kasona, wannan ta ce kasona. Da ba ni da ƙarfin magana, shi ya sa na yi shiru. Yanzu ina da shi. Ba Arewa za ni ba, ba kuma nan zan zauna ba. Anacha zan koma."

"Baba, wa zai kula da kai a can?" in ji Yaya.

"Wa yake kula da ni kafin a haife ka? Ɗakina yana nan, rumfata tana nan, abokaina waɗanda suka rage suna nan. Uwarku ma tana nan, ba nisa, in na so in je in yi mata addu'a ba sai na hau mota ba. Kuma bawan Allahn nan," ya nuna ƙofar kicin inda maigidana ya maƙale, "ya gaji da cin abinci a tsaye."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Duk ɗaukar tukunya a okada, duk hayaƙin da na sha, duk tsatsar da ta ci mini farce, ashe guzuri nake haɗa masa.

"Da na san ƙarfin tafiya nake dafa maka, Baba, da loma biyun nan na bar ka da ita."

"Da kin bar ni da ita, da yanzu yayanki ya naɗe ni kamar tabarma ya sa a mota," ya ce. "Ke kika tashe ni, Uwata. Wanda aka tasa kuwa ba a zaɓa masa inda zai nufa."

Na yi fushin yini guda, na yi na biyu, ba wanda ya kula ni. A na ukun na tashi na tuƙa tuwo, na yi banda, na cika masa leda da ƙanzo, na daka ƙuli na ƙulle daban. Na ce ni zan raka shi, don in ga ɗakin da idona, in kuma ja kunnen matan gidan a kan abincinsa.

Muka hau mota. Ina ta tunanin yadda zan sauko da shi a Afa Iweka, babbar tashar motar Anacha, wurin da ko mai ƙafa biyu lafiyayye sai ya yi da gaske: manyan motoci suna huci, 'yan kamasho suna jan rigar mutane, okada ta ko'ina, ga taɓo. Na shirya zan riƙe hannunsa, in sa shi a bayana, in buɗa masa hanya.

Motar ba ta gama tsayawa ba ya sauka. Kafin in ciro jakarsa daga ƙarƙashin kujera har ya yi gaba. Wani ɗan dako ya hango shi ya saki amalankensa ya taho da gudu yana "Baba ya dawo! Baba ya dawo!" Wata mai sayar da ayaba ta ƙwala masa kira, ya amsa mata da Inyamuranci, ta tafa hannu tana dariya. Yana ratsa tsakanin motoci kamar tsakar gidansa, ledar ƙanzo a hammata, babbar riga tana kaɗawa, ni ina baya da jaka a ka ina "a gafara, a gafara," mutane suna ta shiga tsakanina da shi. Na daina ganin komai sai farar hularsa, tana nisa, tana nisa. Idona ya cika, ban san ko na murna ba ne ko na rashi, ina jin duka biyun ne.

Can a bakin titi ya tsaya ya waiwayo, ya hango ni ina fama. Ya ɗaga murya yadda duk tashar za ta ji.

"Uwata, ɗago ƙafa mana! Ko ba ki ci abinci ba ne?"